Yaƙin Kubura da Dogayen Babura

Ku fiƙe alƙaluma, ku dama tawada, ya ku masu adana tarihin mazajen fama, domin yau za a ambaci sadaukiya, gimbiyar allurar rigakafi, dodon ƙyanda da tarin shiƙa, Kubura 'yar Malam Barau, jikar Guntu majemi, tattaɓa-kunnen Ɗantsito na birnin Kazaure, gidan da tun kafuwarsa ba a taɓa samun wanda ya buga goshi a ƙofar ɗaki ba. Zuriya ce mai albarka da basira da kaifin harshe, sai dai an rage musu tsawo, kuma a kan Kubura ne ragin ya kai maƙura. Ga ta shafal, in iskar hadari ta taso tana tsakar gida, Gwaggo Dela, yayar mahaifinta, takan ce a kama yarinyar nan kafin a kwashe shanya.

Ana nan sai ga takarda daga hukumar lafiya, wadda jarumar ta shekara uku tana jira. An ba ta aiki a ɗakin shan magani na Rugar Kanya, kilomita goma sha huɗu, hanyar da mota ba ta bi sai ranar kasuwa. Sharaɗin ɗaya ne: ta bayyana ran Litinin da abin hawanta, ko a miƙa gurbin ga na bayanta. Tuƙi dai ta iya, ta koya da babur ɗin wata ƙawarta a makaranta. Tsayawa ce ba ta taɓa yi ba sai an tare ta.

Malam Barau, zakin zaure, wanda gyaran muryarsa ke kashe rediyon maƙwabta, ya kira majalisa ya zartar da hukunci biyu. Na farko, 'yarsa ba za ta ɗaga ƙafa ta hau babur a gaban mazan kasuwa da sunan gwaji ba. Na biyu, in an kawo babur gida ta hau, tafin ƙafafunta biyu su shimfiɗu a ƙasa, in ba haka ba, babu babur, babu Rugar Kanya.

To ina mafita? Sai Gwaggo Dela, waziriyar yaƙi, ta ce haba, takalmin salla ma ai da tsinken tsintsiya ake auno wa yara. Ta zaro karan dawa daga danga, ta ja Kubura ɗaki, ta auna daga dunduniya zuwa cinya. A nan fa, jama'a, aka yi ɓarnar. Kubura tun tana aji ɗaya ba a taɓa auna ta ba ta yi ɗage ba: a layin makaranta, a gaban mai hoto, a gaban tela. Ita kanta ba ta san tana yi ba. Dunduniya ta tashi a ƙarƙashin zane, Gwaggo ta karya kara, aka samu rarar yatsu uku.

Ran Asabar da hantsi runduna ta ɗaga, mayaƙa biyu da mashi ɗaya, wato karan awo, suka keta 'yan tumatir, suka ratsa 'yan katifa, har suka yi sansani a rumfar Alhaji Mamuda mai babura, inda abokan gaba suka yi sahu suna ƙyalli, jajaye da baƙaƙe, dogaye masu ƙirar 'yan acaɓa, waɗanda ke ɗaukar magidanci da iyalinsa da buhun gawayi ba su ce uffan ba.

Alhaji Mamuda ya gabatar da barden farko, wani ja mai faɗin tanki. Kubura ta kafa kara a gefensa, kujerar ta ɗara kan karan da taƙi guda.

"Na gaba!" in ji ta.

Aka turo na biyu, baƙi wuluk, mai ƙaho irin na mota. Kara ya kashe shi. Na uku, na huɗu, na bakwai, haka karan nan ya dinga zubar da su ɗaya bayan ɗaya, masu tireda suka bar tiredarsu, mai rake ya ajiye wuƙa, gumi ya jiƙa hular Alhaji, Gwaggo Dela na ta rangaɗa guɗa tana cewa, "Ƙasa-ƙasa dai, Alhaji, ba raƙumi muka zo saye ba!"

Can a ƙuryar rumfa, bayan tsofaffin tayoyi, aka jawo wani ɗan shuɗi, irin mai jikin roba da ake kira roba-roba. Kubura ta kafa kara, kasuwa ta yi tsit. Kan kara da kujera suka yi daidai wa daida. Zuciyarta ta yi fari tas, har ta ji ƙwalla. Aka ɗora ganima a a-kori-kura, aka nufi gida da nasara.

Da la'asar aka yi arangamar ƙarshe a tsakar gida. Gwaggo ta riƙe kan babur, Kubura ta yi bismilla ta haye. Babur bai ma san an hau shi ba, ko lotsawar kunya bai yi ba. Ta miƙa ƙafa, ta ƙara miƙawa, ta miƙa har jijiyar wuyanta ta fito, manyan yatsu kaɗai ke shafar ƙasa. Wata kaza ta zo ta leƙa ƙarƙashin dunduniyarta ta wuce.

Wayyo Kubura! Nan take ta gane abin da ta yi wa kanta a ɗaki. Ta ga Litinin ta zo ta wuce, ta ga wata doguwa a kan kujerarta a Rugar Kanya, ta ga kanta tana ƙara wasu shekaru uku tana tsince shinkafa. Ta dubi mahaifinta, ta ce, "Baba, laifina ne. Na yi ɗage."

Malam Barau ya matso. Ya zagaya babur sau ɗaya, ya durƙusa ya zura yatsu uku a ƙarƙashin ƙafarta, suka shige salin-alin. Ya tashi ya kakkaɓe gwiwa, ya dubi fuskar 'yarsa, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya tattare babbar rigarsa, wai shi ya gaji da tsayuwa, ya ɗare kujerar baya. Shi ma gajere ne, amma tuwo ya zauna masa. Babur ya yi nishi ya durƙusa, tafin ƙafafun Kubura suka sauka daram.

"Yaya Dela, duba mana," in ji shi, yana kallon katanga.

"Sun taka, Malam! Wallahi sun taka!"

"To. Ni dai abin da na ce ke nan."

Haka ran Litinin mutanen Kazaure suka ga abin da kakanninsu ba su gani ba: sadaukiya a gaba da akwatin allura, zakin zaure a baya ya ƙanƙame ƙarfen kujera yana salati a kowane rami. Suka isa kafin ƙarfe takwas, ta sa hannu a rajista. Matan ƙauye suka zaci mara lafiya ta ɗauko a hanya, aka shimfiɗa masa tabarma a gindin bishiya, wata tsohuwa ta kawo masa kunu tana yi masa sannu.

Kwana tara ya yi yana wannan hidima, har ya san sunan kowane jariri a Rugar Kanya. A na goma Gwaggo Dela ta gano cewa rabin buhun masara, in an ɗaure shi tamau a baya, yana yin aikin daidai, kuma ba ya cewa a rage gudu.

Aka sallami Malam Barau da godiya. Sai dai kowace safiya yakan fito ƙofar gida da buta a hannu, ya tsaya yana hararar buhun har su sha kwana.