Majigin Malam Halliru Ya Cika, Ragon Suna Yana Nan

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ta maigidan ke nan, don ta matar gidan fes take, iyalan Malam Halliru Masinja na unguwar Kanti, Kazaure, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Roni, Gwiwa, Babura har Kanya Babba, rasuwar Majigi, injin nuna fim ɗin nan nasa mai ido ɗaya. Ya cika ranar Asabar a kasuwar Roni, yana tsakiyar aiki. A ranar ce kuma matar gidan, Saude, mai rubuta wannan takarda, ta sauka lafiya. Namiji ne, ƙato, gashi har ƙeya, ga dogayen yatsu, in ya yi hamma sai ka rantse dariya yake. Amma za a zo kansa. Yanzu maganar mamaci ake.

Marigayin ya shigo gidan nan shekarar kuɗin Udoji. Ma'aikata masu hankali sun sayi keke, wasu rediyo, wasu kwanon rufi. Malam ya tafi Kano ya dawo da tsohon ƙarfen da wani gidan silima ya gaji da shi, haɗe da gwangwanayen fim da ko suna babu a jikinsu. Shi ya raɗa musu da kansa.

Akwai Ƙaton Ƙadangare, wai dodo ne yake rushe birni. Mutum ne aka zura a buhu, kowa yana ganin takalminsa. Saude ta taɓa nuna wa Malam takalmin da yatsa. Ya ce, "Ai daɗin ke nan, Saude. Dubi yadda bawan Allah yake ƙoƙari a cikin wannan zafi." Akwai Tsoho Mai Ludayi, wani dattijon Sin da yake jibgar mutum arba'in da ludayin miya, jini yana zuba kamar zoɓo, a mari mutum yanzu, ƙarar marin ta iso bayan ya faɗi. A nan ne mugun yake mutuwa tun farko, can gaba a gan shi zaune yana cin taliya, don har yau Malam bai gane wane gwangwani ne na fari ba. Akwai kuma wanda ya tsinke aka liƙe shi da wani daban: ɗan kaboyi ya shiga ƙofa da dokinsa, sai Ba'indiya ta fito tana rawa cikin ruwan sama. Mutanen Gwiwa sun yi wata guda suna gardama ko rikiɗa ya yi. Daudu mai shayi, babban aminin marigayin, ya ce ya kalle shi sau sittin kuma kullum sai ya ga sabon abu. Allah ya ƙara masa aikin yi.

Ba wanda yake jin yaren mutanen ciki, saboda haka Malam ne yake tsayawa gefe yana fassara, kowane gari da irin labarin da zai ba su. A Babura har 'yan Nijar masu biya da sefa sukan gyara masa, su ce wancan makon ai matar nan ƙanwar jarumin ce, yaushe ta zama uwarsa?

An shaidi marigayin da zumunci, don babu kasuwar da bai je ba a bayan a-kori-kura, a naɗe cikin bargon da matar gidan ba ta taɓa rufa da shi ba. An shaide shi da rashin ƙyama, duk shirmen da aka ɗura masa yana nunawa. Bai taɓa ɗaga murya ga kowa ba, iyakarsa tar-tar-tar-tar. Saude ba za ta yi wa mamaci ƙarya ba: akwai wata mata a cikin Tsoho Mai Ludayi da ta kori ƙarti bakwai da goyo a bayanta, ko ɗankwalinta bai goce ba. Wannan kam an yi kallo. Sauran duk tarkace ne.

Jinyarsa ta fara tun damina. Sai tari, sai tauna fim, sai wari irin na ƙonanniyar roba. Ranar Asabar, daidai lokacin da Ƙaton Ƙadangare ya ɗaga ƙafa zai taka gada, marigayin ya ce tar-tar, ya ce ƙiii, ya ce fus. Fuskar dodon ta narke a jikin ƙyalle. Mutanen Roni suka yi ta tafi, sun ɗauka sabon ƙarshe aka yi wa fim ɗin.

Washegari Malam ya iso da gawa a kafaɗa. Ya ɗauki jariri, ya yi masa huɗuba, har da hawaye, ba a dai san na wa ba ne. Sannan ya ce majigin suma ya yi. Saude ta ce, "Malam, wanda hayaƙi ya fita ta idonsa ai ya wuce suma." Ya saɓi majiginsa ya yi zaure. Gwaggo Dela, wadda ta zo yi wa Saude wankan jego, ita ta jiyo shi a zaure yana gaya wa Daudu cewa akwai mai gyara a Kano da zai tashe shi, kuma ya yarda a ba shi rago a madadin ladansa. Rago ɗaya ne a gidan nan, farin nan mai baƙin kunne da aka turke tun cikin yana wata huɗu. Gwaggo ta leƙa ta ce, "Halliru, ka ji kunya. So kake yaron nan ya girma ana yi masa gori, an yanka wa kowa, shi an yanka wa ƙadangare?" Ya ce, "Gwaggo, ai ana iya yin suna a bi da yanka daga baya." Daga bayan Malam kuwa kowa ya san tsawonsa.

Shi ya sa ake wannan sanarwa a rubuce, kowa ya shaida: Majigi ya rasu. Ba suma ba, ba doguwar jinya ba.

Ya bar janareta ɗaya mai ciwon ƙirji, benci shida, gwangwanayen fim marayu, da Daudu. Ya kuma bar farin zanen gadon auren Saude, wanda ya shekara uku a rataye ana harbe-harbe a kansa, yanzu an wanke shi, jariri ne a kai.

Za a kai marigayin makwancinsa ranar Asabar mai zuwa, a ƙarƙashin rumbu, inda kaji za su riƙa ziyartarsa. Ba wanka, ba salla, ƙarfe ne. Masu ta'aziyya su sami Malam a zaure tun da sassafe, kada a bar shi shi kaɗai ko na minti ɗaya. Da an idar da asuba liman zai raɗa suna, mahauci zai yanka rago a ƙofar gida a gaban jama'a. Akwai goro, akwai waina, mata su zo da yamma. Gwaggo ta riga ta kai takardar nan masallaci da tasha.

Duk wanda ya ga Malam kafin ranar a tashar motar Kano yana jan farin rago, don Allah ya riƙe ragon. Shi Malam a bar shi ya wuce.