Rasuwar Uwar Ɗaki, Mai Rufa Asirin Tumbi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fargabar abin da ke tafe ranar Alhamis, tela mai shagon da ke daura da kantin magani yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa ɗaga hannuwa aka zagaya masa tef, rasuwar Uwar Ɗaki, wato tsohuwar kwamfutar shago tare da manhajar awon da ke cikinta. Ta rasu ranar Litinin da hantsi a ƙarƙashin teburin guga, bayan shekara goma sha tara tana bakin aiki. Yana kuma gargaɗin duk wanda ya aiko da yadi a makon jiya ya ce a ɗinka da tsohon awonsa, da kada ya kuskura ya gwada kayan a gaban mutane.

Marigayiya ba mai gaggawa ba ce. In an kunna ta da safe, sai an share shago, an zuba wa kekuna mai, an sha shayi, sannan ta buɗe ido. Takan fara da ƙirrr, ta yi tik, tik, daga nan fankarta ta kama munshari har a tashi. Wani malamin lissafi da ya zauna a layin ne ya rubuta manhajar, aka gode masa da kwat guda, ya yi ƙaura, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Tun daga ranar ba wanda ya san yadda cikinta yake, ba kuma wanda ya nemi sani. Ta riƙe awon mutum dubu biyu da ɗari uku, har da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ba ta taɓa haɗa kafaɗar wani da wuyan wani ba.

Amma babban halinta shi ne rufin asiri, kuma yau ya zama dole a faɗa. Babban mutum ba ya son jin gaskiyar ƙugunsa. In tef ya nuna arba'in da huɗu, mai shago yakan ce arba'in da murya mai daɗi, ya rubuta arba'in ɗin a allo mutumin yana kallo. A can ƙasan shafi akwai wani gurbi da malamin lissafi ya tanada don lambar fakis, na'urar tura takarda da aka daina yayi tuntuni. A nan mai shago yake sa huɗun da ya ɓoye. In takardar awo ta fito daga firinta, mai yanka, abokin aikinsa na shekara ashirin, sai ya dubi ƙasa ya ƙara. Su uku suka san wannan magana, kuma ta ukun ba ta da baki.

Ciwon ajalinta ya faro ne daga alheri. Babbar 'yar mai shago ta karanta kwamfuta, shekara biyu ke nan tana gida tana aika takardun neman aiki. Ita ta ce tsohuwar nan rana ɗaya za ta kwanta da awon jama'a, gara a yi wa bayanan ƙaura tun da sauran numfashi. Ta hau wani dandali na zamani da ake gina manhaja cikin sauri, akwati kawai ake ja a ajiye inda ake so. Kwana tara ta gama. Sabuwar tana buɗewa a waya, tana tura wa mutum saƙo in ɗinkinsa ya kammala. Mai shago bai gane yadda aka yi ba, amma sai da ya nuna wa kowa a layin, har mai wankin mota.

Ranar kwashe bayanai ta zauna kusa da shi tana bin gurabe ɗaya bayan ɗaya. Da ta kai ƙasa ta ce, "Baba, wa ke da fakis mai lamba ɗaya tal? Wannan uku, wancan shida. In bar shi a baya?" A lokacin mutum biyu na zaune a benci suna jira, ɗayansu ma mai huɗu ne. Mai shago ya dube su, ya dubi 'yarsa, ya ce, "Bar shi, uwata, shirme ne." Ya ƙudurta zai gaya mata in an watse. Allura ta karye, wani ya zo da rigimar hannun riga, maganar ta bi iska. Aka zare wa Uwar Ɗaki waya, aka tura ta ƙarƙashin teburin guga.

Mai yanka kuwa da ya ga sabuwar takarda ba lamba a ƙasa, bai tambaya ba. A cewarsa, tunda an cika masa kunne cewa sabuwar tana da wayo, ya ɗauka ta riga ta haɗa da kanta. Ya yanka yadi goma sha ɗaya a kan awon da masu shi ke son ji.

Ranar Litinin wani shugaban makaranta ya zo gwada wando. Ya ja numfashi, ya matse, ya saki. Maɓalli ya tashi ya bugi dutsen guga. Nan take aka jawo marigayiya, aka karkaɗe ta, aka jona. Ta yi tik, tik, tik, sau uku ba ƙirrr, wani ƙauri ya tashi, shi ke nan. Mai gyara ya buɗe cikinta ya fito da burbushin zare da zai cika matashi, da fil uku, da maɓallin da aka yi ta nema shekarun baya. Ya ce abin da ya raya ta shi ne ba a taɓa motsa ta ba. Ya tambayi inda aka ajiye kwafin bayanan, aka nuna masa gawar.

Da 'yar ta ji amfanin gurbin, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ai sai da ta tambaya. Cikin minti goma ta ja sabon akwati ta ajiye a manhajarta, ta ɓoye shi yadda mai shago da mai yanka kaɗai za su gani. Akwati ne mai kyau, sai dai ba komai a ciki. Uwar gida ta ce ita ba ta yi mamaki ba, duk na'urar da aka ɗora wa ƙaryar ƙattai shekara goma sha tara dole zuciyarta ta buga.

Cikin yadi goma sha ɗayan nan, goma za a iya ba da haƙuri. Na sha ɗaya na manajan wani kamfani ne da ke gina wa 'yan kasuwa manhajoji. Shekara goma sha biyu yana ɗinki a shagon, kuma kullum sai ya bugi ciki ya ce har yanzu arba'in, albarkar tattakin safe. Yadin daga tafiya ya zo da shi, an zagaye kasuwa ba irinsa, rarar da mai yanka ya bari kuma inci ɗaya ce. Lambarsa a gurbin fakis ko biyar ce ko shida. Wannan mutum shi ne ya ce ranar Alhamis zai zo ya karɓi kwat ɗinsa, ya duba aikin yarinya, in ya gamsu ta fara aiki farkon wata. A shekara biyu, shi kaɗai ne ya taɓa cewa zai duba.

Marigayiya ta bar allon rubutu mai gurbin harafi biyu, da firinta mai cin takarda, da jika guda mai kyan fuska, wato sabuwar manhajar, wadda ba ta san kowa ba. Ta bar mutum dubu biyu da ɗari uku, kowannensu siriri a rubuce. Ta kuma bar mai shago, wanda tun Litinin yake tsayawa gaban madubin gwaji yana koyon yadda ake gaya wa babban mutum cewa manhaja ba ta yi kuskure ba, tela ne ya yi masa ƙarya shekara goma sha biyu. Ya yanke zai faɗa. Gara a ce uban maƙaryaci ne da a ce 'yar ba ta iya aiki ba.

Za a fitar da gawar ranar Juma'a da safe zuwa rumfar mai gyara, inda zai cire abin da ke da sauran amfani. Ana karɓar gaisuwa a shago daga ƙarfe tara. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su shigo bayan labule ɗaya bayan ɗaya a sake auna su, kada kowa ya riƙe numfashi, lambar kuma a kunne za a faɗa. Allah ya ba mu haƙurin rashi.

Manaja zai iso Alhamis ƙarfe goma sha ɗaya. Wandon ba zai rufu ba, wannan an sani. Abin da ba a sani ba shi ne, bayan ya ji arba'in da biyar ko shida, ko zai tsaya ya duba aikin yarinyar.