Dattijo, Injin Mahdi, Ya Faɗo Daga Igiya

Da zukata cike da baƙin ciki, da hannaye cike da baƙin mai, iyalan Mahdi direba na Dilimi suke sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar injin motarsa, wanda aka fi sani da Dattijo. Ya rasu yau Juma'a da hantsi a garejin Oga Anene, ana tsaka da mayar da shi cikin motar.

Marigayin ɗan Beljiyom ne. Da tsufansa ya zo Jos, amma bai taɓa nuna baƙunta ba. Ya ja buhunan dankali daga Bokkos zuwa Farin Gada, ya sha man 'yan bumburutu bai yi ƙorafi ba. Sanyin safiya ne kawai ba sa shiri. Sai an tura shi gangara, ya ce "kyar-kyar-kyar", ya yi shiru kamar mai nazari, sannan ya ce "gurum". Duk wanda ya san wannan gurum ɗin zai yi kewarsa, ban da maƙwabta.

Jinyarsa ta fara ne da tari da hayaƙi. Anene ya ciro shi, ya sauya masa ringi, ya ce aiki ya yi kyau, sai dai an ari sarƙarsa ta ɗaga inji, a jira Litinin. Mahdi kuwa ba shi da wata Litinin. Suwaiba ta Gangare, wadda yake nema da aure, ta gaji da alkawarin kai ta Bukuru gaida kakarta. Ta ce in Juma'ar nan ma ta wuce babu mota, to ta gane matsayinta, kada ya ƙara taka ƙofar gidansu.

Mahdi ya yi ta roƙo har Anene ya gaji, aka rataya igiyar guga a reshen mangwaro. Anene ya kori kowa daga ƙarƙashin injin, ya hana a sa hannu a ciki, ya ba Mahdi da Gwadabe mai faci igiya, ya ce: "Oga Mahdi, ko maciji ta cije ka, kar ka saki."

Dattijo ya tashi sama yana lilo a hankali, fes da shi kamar ango, har ya kusa mazauninsa. Sai waya ta yi ƙara a aljihun Mahdi, da kiɗan da ya ware wa Suwaiba ita kaɗai. Iyalai suna musanta jita-jitar da ake yaɗawa cewa ya saki igiya. Hannu ɗaya kawai ya cire. Marigayin ya daki bamba, ya sauka a kan dutse, kalmarsa ta ƙarshe ita ce "ƙum". Ashe, kamar yadda saƙonta ya nuna daga baya, Suwaiba kira ta yi ta ji ko ta fara shiri.

Ya bar abokiyar zamansa giyabos, da lagireto mai yoyo, da tayoyi waɗanda ɗaya a cikinsu ta daɗe ba lafiya. Ya bar Gwadabe da saɓulallen tafin hannu. Ana godiya ga Allah da babu ƙafar kowa a wurin.

Za a ɗauki gawar gobe Asabar a kura zuwa wurin 'yan gwangwan, inda za a ɗora ta a sikeli, ba wanka ba likkafani. Ana karɓar gaisuwa a gindin mangwaron, ana kuma roƙon masu zuwa su kashe wayoyinsu.

Mai rashin har yanzu bai amsa kiran Suwaiba ba. Bayan la'asar ya miƙe a gaban masu gaisuwa, ya goge hannu da tsumma, ya ce: "Gobe ku kai shi ko ba ni. Ni Gangare za ni yanzu, a ƙafa, in gaya mata da bakina. In ta sallame ni, sai a haɗa zaman makokin, kar a wahalar da jama'a sau biyu."