Gam ɗin da Ya Yi Furfura

A duk layin nan namu, daga shagon tela har famfon bakin kwana, Allah bai yi mutum irin Injiniya Manne-Duniya ba. Shi ma ya san haka, kuma ba ya ɓoyewa, don a wurinsa ɓoye baiwa butulci ne. Kafinta ne, amma kada ka kuskura ka kira shi haka. Kafinta mai buga ƙusa ne, shi kuwa mannewa yake yi. Kujera, teburi, goge, gita, duk abin da ya rabu da ɗan'uwansa, in aka kai masa zai sulhunta su. Jami'ar da ta ba shi injiniyancin ba mu san ta ba, amma mai rubuta allon shago ya tabbatar mana da shi da jan fenti.

Abu ɗaya dai ko maƙiyinsa ba ya musu: aikinsa yana kamawa. Abin da ya manne, sai dai katako ya karye a wani wurin.

Asirin, in ji shi, Tsohuwa ce. Tsohuwa ba mutum ba ce, gam ne irin na fata, wanda ake sayarwa busasshe ƙwaya-ƙwaya a buhu. A jiƙa shi, a ɗumama shi ya narke, a shafa da zafinsa. In ya huce ya daskare kamar romon ƙashi da ya kwana a sanyi. Sauran kafintoci sukan dama daidai aikinsu, ragowar su sa a firij, in ya fara canja wari su zubar. Injiniya kallon tausayi yake yi musu. Tasa kwalbar kakansa ne ya dama ta, ubansa ya gada, shi ya gada, ba a taɓa bari ta ƙare ba. A ɗebi kaɗan, a ƙara kaɗan.

"Gam kamar mutum yake," yakan ce yana shafa tumbi, "sai ya manyanta yake hankali. Yaran nan su dama da safe su yi aiki da shi da rana, jariri ke nan fa! Jariri ne zai riƙe maka ƙafar teburi? Abin da Tsohuwa ta gani, ni kaina ban gani ba."

Gidansa a bayan shagon yake, don haka Tsohuwa a firij ɗin matarsa take kwana, tsakanin tumatir da madarar yara. Kullum da safe zai ɗauko ta da hannu biyu, ya buɗe murfi, ya lumshe ido, ya ja numfashi. "Ƙamshin hannun kakana," in ji shi, "ko a cikin kwalba dubu zan gane shi." Hanci ne da ya kamata a ce hukuma ta san da zamansa.

Damuwarsa ɗaya a duniya ɓeraye. Buhun busasshen gam yana raguwa fiye da yadda yake ɗiba. Ya sa tarko, ya sa magani, har kyanwa ya ɗauka aiki. Kyanwa ta yi ƙiba da zaman banza, buhu ya ci gaba da ramewa. Matarsa mace ce mai shiru-shiru; in ana zancen ɓerayen sai ta ce, "Allah ya kyauta," ta ci gaba da wanke-wankenta.

Ana nan sai ga wani mai yawo da waya yana ɗaukar masu sana'a. Ya ɗauki Injiniya rungume da kwalba yana ba da tarihi, ya watsa. Mutane suka fara tsayawa a ƙofar shago suna leƙe. Daga ranar hula ta daina shiga kan Injiniya sai da dannawa.

"Maman yara," ya ce wa matarsa, "abin da duniya ke tattaki ta zo gani, shi za a ajiye kusa da ragowar miya? Daga yau hannun kowa ya fita daga kan Tsohuwa."

"Baban yara, da ka bar ta a firij ɗin nan. Ta saba da sanyi."

"Da ni ta saba," in ji shi.

Ya ƙera mata akwatin gilashi, ya sa mata ƙwan lantarki a ciki, ya girke ta a tagar da rana ke bugawa tun hantsi, ya datse da kwaɗo, ya rataya makullin a wuyansa. Duk baƙon da ya zo, sai an ɗora Tsohuwa a kan risho ta tafasa ta yi kumfa, don ya ga ikon Allah. Matar ta dubi akwatin, ta dubi makullin, ta koma kicin.

Kafin mako ya zagayo, Tsohuwa ta fara gaisawa da jama'a tun daga bakin titi. Tela ya janye kekensa zuwa ƙuryar shago. Mai aski ya koma yi wa mutane aski da hannu ɗaya, ɗayan na toshe da hanci. Ƙudaje kuwa suka riƙa zuwa ziyara ayari-ayari. Amma gwano ba ya jin warin jikinsa. Injiniya ya ce ƙamshin tarihi ne, sai mai zurfin tunani ke jure shi. Da ta daina daskarewa ta koma tsululu, ya ce ta saki jiki da sabon ɗakinta. Da farar fumfuna ta rufe mata kai, sai ya tara mu, idonsa cike da ƙwalla.

"Ku duba da kyau," ya ce. "Furfura ce. Shekara nawa ina jiran ranar nan!"

A daidai wannan lokaci ne Auta ya shigo da gitarsa. Auta ƙanin matar Injiniya ne, makaɗi, ga mata ga jariri, ga gita ɗaya tilo wadda ita ce gonarsa ita ce kasuwarsa. Ya daɗe yana kiɗan tsinci-tsinci, yau a samu gobe a rasa. Yanzu manajan wani otal ya ce ya zo ya gwada shi. In ya yi, ya samu aikin dindindin. Sai ga shi jakin gitar, ɗan katakon nan da ke riƙe da tsirkiyoyi a cikinta, ya fara ɗagawa.

Auta ya shaƙi iskar shagon, ya yi baya taku biyu. "Yaya Injiniya, anya kuwa? Ko a dama sabo?"

"Sabo? A kan gitar ƙanina? Yaro, abin da babba ya hango, ko ka hau rimi ba za ka hango ba. Yau furfura za ta taɓa kayanka. Jikokinka ma da wannan jakin za su yi kiɗa."

Ya shafa, ya danne, ya ɗaure, ya hana kowa tari kusa da wurin. Ranar gwaji kuma ya ce ba zai bar aikinsa ya tafi otal babu rakiya ba. Ya sa rigarsa ta zuwa biki, ya bi Auta, makulli na lilo a ƙirjinsa.

La'asar ce, zauren ba kowa sai manaja da masu goge tebura. Auta ya ɗaure tsirkiyoyi, ya fara. Wallahi yaron ya iya. Masu goge tebura suka tsaya da tsumma a hannu, manaja ya fara kaɗa ƙafa. Abin da Injiniya ba zai iya jurewa ba ke nan, a yaba kiɗa a manta da gam. Ya miƙe, ya je ya sunkuya a gaban gitar, ya nuna jakin da yatsa.

"Ranka ya daɗe, sautin nan da kake ji, daga nan yake fitowa. Wannan mannin, ko mota aka ɗaura masa..."

Ɓas!

Jaki ya tashi da tsirkiyoyinsa gaba ɗaya, ya sami Injiniya a kan hancin nan mai gane hannun kaka. Hula ta yi nata wuri. Kiɗa ya mutu a tsakiyar baiti. Manaja ya dubi agogo, ya ce wa Auta, "Hannunka na da kyau, kayanka ne ba su da shi. Ka dawo jibi. In ka zo haka, akwai wani yana jira."

Kafin su iso gida, Injiniya ya gama bincike ya gano masu laifi: sanyin na'urar otal, katakon zamani, yatsun Auta, da bakin mahassada. Yana tsaye a ƙofar shago yana yi mana bayani, hanci ya kumbura kamar albasa. Auta kuwa na zaune a dakali, gita a cinya, ya kifa kai. Abin ya ba mu tausayi ƙwarai, don mun san abin da ke jiransa a gida.

Sai ga matar Injiniya ta fito, hannunta da kumfar sabulu. Ta dubi ƙaninta, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta juya.

"Baban yara, ba ni makullin nan."

"Maman yara, maza na magana..."

"Na rufa maka asiri tun ina amarya, amma ban da abincin ɗan'uwana. Wace Tsohuwa? Satin da aka kawo ni gidan nan na buɗe firij, wari ya kusa kayar da ni. Na zubar da ita, na wanke kwalbar tas. Da na ji tsoron faɗa, sai na ɗebo a buhu na jiƙa yadda na ga kana yi, na ɗumama a ruwan zafi, na mayar. Washegari ka shinshina ka ce hannun kakanka. Tun ranar, duk wankin firij sai na zubar na dama sabo. Ni ban san gam ba, wari na sani."

Mai aski ne ya fara magana, a hankali: "Ashe ɓerayen..."

"Ni ce ɓerayen," ta ce. "Kyanwarku ma ni nake ba ta abinci."

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tusa ta ƙare wa bodari. Injiniya ya cire makullin daga wuya kamar mai cire lambar girma. Aka kwashi mai furfura aka kai ta bola, da rakiyar ƙudajenta. Matar ta dama sabo, shi ya kankare tsohon ya shafa, don a gaskiya hannun nasa ya iya shafi. Jaririn gam ɗin nan ya riƙe jaki gam. Auta ya koma otal, ya kaɗa har ƙarshe, ya samu aikinsa.

Kada ka ɗauka Injiniya ya rusuna. Manyan mutane ba sa faɗuwa, sai dai su canja wurin zama. Kwana kaɗan muka same shi a ƙofar shago, ya tara sababbin baƙi, akwatin gilashin nan yanzu hotonsa ne a ciki.

"Gam kamar mutum yake," yana cewa yana shafa tumbi, "ƙarfinsa na cikin ƙuruciyarsa. Dogon bincike na yi kafin na gano haka. Sabo, sanyi, tsabta. Duk wanda ya ce maka ka ajiye tsoho, jahili ne."

Tela, wanda bai iya ganin zaman lafiya ba, ya leƙo daga shagonsa. "Injiniya, to ita ainihin ta kaka fa, a ina aka binne ta? Ko ziyara ma kai."

Injiniya ya gyara murya, ya ɗaga yatsa. Kafin ya fara, amsa ta fito daga kicin, tare da ƙarar kwanuka.

"Karen maƙwabta na zuba wa. Ya shinshina, ya yi atishawa, har ya mutu bai sake leƙo gidan nan ba."