Rasuwar Gavra, Jirgin Fitonmu

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, ni Stanimir ɗan Obrad mai fito, a madadin ragowar mutanen ƙauyen Lesnik, nake sanar da rasuwar jirgin fitonmu, wanda kowa ya sani da Gavra. Ya cika ranar Talata da hantsi, a bakin gaɓa, inda ya saba kwana.

Mahaifina ne ya kawo shi tun ina goye. Marigayi Gavra bai taɓa gaggawa ba, bai kuma taɓa zaɓen fasinja ba. Ya ɗauki amare da shanu, ya ɗauki ungozoma da buhunan masara, yana bin igiyar ƙarfensa yana ƙiii, ƙiii, kamar tsoho mai ciwon gwiwa. Idan aka buga guntun ƙarfen da ke rataye a tsallake, kwang, kwang, ko cokali na kai baki sai na ajiye mu tafi.

Laifinsa ɗaya, ya fi iya kai mutane da dawo da su. Shi ya ƙetarar da 'ya'yanmu zuwa Jamus da Ostiriya, har da 'yata Zorka. Da aka rufe makaranta, shi ya fitar da kujerun.

Ciwon ajalinsa tsatsa ce. Mai walda ya duba cikinsa bara, ya ce babu sauran inda wuta za ta kama. Na je ofishin gunduma, suka ce ba a yi wa ƙauyen da bai cika mutum ashirin ba sabon jirgi, mu bi hanyar bayan dutse. Wannan hanya kuwa tun zaftarewar ƙasa ko akuya sai ta yi shawara.

Aikinsa na ƙarshe shi ne kai gawar Milisav mai zuma, domin makabartarmu tana tsallake, kusa da coci. Muna tsakiyar kogi ruwa ya fara ɓulɓulowa ta ƙarƙashin akwatin. Tsofaffi suka yi ta kwarfa da bokiti da huluna. Radojka, matar mamacin, ta dafa akwatin da hannu biyu. Gavra ya kai mu, ya jira aka rufe Milisav, ya dawo da mu. Sai da ƙafar mutum na ƙarshe ta taka ƙasa sannan ya durƙusa, ruwa ya sha kansa.

Ya rasu ya bar ni, da igiyarsa da har yanzu take miƙe a kan ruwa, da tsofaffin da maganinsu yake tsallake, da Radojka, wadda aka riga aka sassaƙa sunanta a dutsen kabarin mijinta. Jiya ta tare ni a bakin rijiya ta ce, "Ɗan Obrad, to ni wa zai kai ni wajensa?" Na ce mata ai da sauranta. Ta ce in daina yi mata maganar yara.

Tun rasuwarsa nakan ji an buga ƙarfen tsallake da rana tsaka. In na fito, babu kowa sai hazo a kan kaburbura. Na ɗauka kunnena ne, sai da na ga Radojka ma ta fito, da mayafinta na zuwa coci.

Za a yi jana'iza ranar Asabar. Za mu jawo shi tudu da tarakta, mu kwantar da shi ƙarƙashin babban itacen da ke bakin gaɓa. Za a raba dafaffiyar alkama da zuma. Limamin coci zai yi addu'a daga tsallake, ya yi alkawarin ɗaga murya.

'Ya'yanmu da ke son halarta, ku tsaya a tsallake kusa da limamin. Kada kowa ya buga ƙarfen. Ku ɗaga hannu kawai, za mu gane ku.