Rasuwar Kyamarar da Aka Shanya a Rana

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ido ɗaya a buɗe a kan mutanen gidanmu, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kyamarata. Ta cika ranar Asabar a tsakar gida, kwance a tsakanin matashin kai da tsofaffin takalma, lokacin ina wurin aiki.

Marigayiyar tsohuwar hannu ce, irin mai cin fim. Duk zamanmu ban taɓa kama ta da ƙarya ba, ba kamar wayoyin yanzu da ke goge wa mutum tsufa ba. Ba ta raina kowa. Ta ɗauki tururuwa na jan fiffiken fara a jikin bango, ta ɗauki ruwan da ya kwanta a ramin titi da gajimare a cikinsa, ta bi ganyen mangwaron ƙofar gida tun yana kore har ya faɗi. Mutanen gida suna cewa ina ɓarnar fim a kan abin da gobe babu shi, ni kuwa dalilin ɗaukar ke nan. Maganarta ba ta wuce biyu: ƙyas idan ta gani, sai ƙirrr idan na juya ta.

Ta rasu ta bar madauri ɗaya da ya sha gumin wuyana, da murfin ido, da jakar fata mai mataccen zif, da kwali cike da hotuna, sai ni.

Game da jinya, ina so a sani cewa lafiyarta ƙalau na bar ta. Da ruwan sama ya ɗauke, gidanmu ya fito da katifu da barguna shanya kamar yadda aka saba. Na dawo na tarar da ita cikin kayan, idonta na kallon rana, bayanta a wangale, an zare fim ɗin an rataye shi a igiya kusa da safa. Mai gyara ya duba ya ce rana ta bi ta gilashi ta ƙone labulen ciki, sai haƙuri. Mai wankin hoto ya ɗaga fim ɗin sama, ya miƙo mini ba tare da ya kalle ni ba.

A cikin wannan fim akwai mahaifiyata. Duk rayuwarta ta ƙi hoto, da ta hango kyamara sai ta ja mayafi. Wata safiya, ana saura 'yan watanni ta rasu, na hango ta ta taga tana zaune a gindin mangwaro tana tsefe kai, na saci guda ɗaya. Ban gaya wa kowa ba. Tun bayan rasuwarta nake cewa sai zuciyata ta yi ƙarfi zan kai wanki. Shi kaɗai ne hotonta a duniya, kuma ban taɓa ganinsa ba.

Ba na zargin kowa, lissafi kawai nake yi. Matata ta rantse tana kasuwa, alhali ban kai ga tambayar ta ba. Ƙanina mai gyaran waya ya daɗe yana yaba gilashin marigayiyar, yabon da ba ya kwanta mini. Inna, ƙanwar mahaifiyata, ita ta amsa laifin da bakinta: "Warin danshi take yi, ɗan nan. Na ce bari ta sha iska." To, amma bayan kyamarar ba ya buɗuwa sai an ja wani ɗan maɓalli sama, ni kaina sai da aka koya mini. Inna kuwa ko rediyo sai an kunna mata. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne gaisuwar da Inna ta yi mini washegari. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Ka yi haƙuri. Ai Yaya dama ba ta son hoto." Wa ya ambaci Yaya? Ashe ranar nan Mama ta ji ƙyas ɗin, ta ci gaba da tsifarta kamar ba ta ji ba, ta bar sallahu a hannun ƙanwarta kada hoton nan ya fito. Na ji haushi, har yanzu ina ji, na kuma rasa wanda zan kai ƙara.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a da yamma. Za a naɗe marigayiyar a mayafin Mama, a sa ta a saman kabad inda rana ba ta kaiwa. Inna ce za ta naɗe, tunda ita ta fara aikin. Ana roƙon masu zuwa kada kowa ya ɗaga waya.

Duk wanda ya san Mama kuma, don Allah ya zo da wuri. Akwai ɗan tabo a gefen idonta. Yayata, 'yar Mama ta fari, ta ce na dama ne, ni na ce na hagu, kuma tun ranar Asabar na daina tabbata.