Minsharina a Intabiyun Auta

Ba zan taɓa mantawa da ranar da autata Sa'adatu ta yi intabiyun neman aiki a falon flat ɗinmu na unguwar Plumstead ba. Gadi na zauna yi, saura ƙiris in yi mata asarar aikin.

Yarinyar nan ta ci jarrabawar zama ma'aikaciyar gwajin barci. Da ta yi mini bayani, wai za ta riƙa manna wa mutane wayoyi a ka da ƙirji tana duba numfashinsu in sun yi barci, na ce, "Duk wahalar karatun nan, ƙarshenta gadin masu barci? Ai ni na yi muku kyauta, ban kuwa taɓa shiga aji ba."

Ta ce, "Umma, ke ma ya kamata a gwada ki. Kina minshari."

Na ce ta kiyaye ni. (A gidanmu marigayi babansu aka sani da minshari. Ni na tabbatar wa kowa da haka.)

Takardar shaida ta zo, aiki bai zo ba. Wata da watanni tana nema, shiru, har ta fara zancen komawa shagon unguwar Deptford inda take jera kaya. Sai wani asibiti ya ce za su gana da ita ta kwamfuta. Da na ji akwai namiji cikin masu tambayar, na ce ba za a bar mini 'ya ita kaɗai tana yi wa ƙato murmushi ba. Ta yi magiya, na ƙi. Na ja kujera inda kyamara ba ta kaiwa, na ɗauki carbi, na haɗe rai.

To, na ci tuwon shinkafa da rana, hita na ɗumama falon, ga Turanci na zuba kamar yayyafi a kan kwano.

Wani gurnani ne ya tashe ni, kamar ana jan tebur a kan siminti. Na zabura na ce, "Wane ne?" Na miƙe, ɗankwali a karkace, na cusa kaina gaban kwamfutar. Ga fuskata ta cika allo. Wata Baturiya cikin masu tambayar tana share hawayen dariya, ƙaton nan da na zo gadinsa ya toshe baki da hannu.

Bayan an kashe, na ce, "Me ya ba su dariya?"

"Umma, tambayata suka yi ko ana gini a gidanmu. Na ce mahaifiyata ce. Matar ta ce madalla, in saurare ki in faɗa musu abin da na ji. Na nuna musu duk inda numfashinki ke tsayawa."

"A gaban namiji?"

"Shi ya fi yin tambayoyi ma."

Kwanakin da muka yi muna jiran amsa, ko faɗan wanke-wanke ban iya yi ba. In ba su ɗauke ta ba, da wane ido zan kalle ta? Ranar da suka kira suka ce ta fara aiki, ta rungume ni ta ce, "Na yi miki booking ɗin gwajin barci, Umma."

Yanzu da na'urar taimakon numfashi a hanci nake kwana. Marigayi kuwa, kullum ina ƙara masa addu'a, don bawan Allah ya ɗauki laifin da ba nasa ba bai taɓa tona ni ba. Har gobe ina sa wa 'ya'yana ido, wannan ba fashi. Amma in zan yi gadi, a tsaye nake yi, kuma kafin tuwo.